Kaza Ta Kwana Kan Dami: Tunani A Kan Kwanakin Farko Na Shekara

 

To, biki dai ya watse. 'Yan'uwan da suka zo gida daga Legas da Abuja da Fatakwal sun kama hanya, an mai da kujeru da bencinan da aka aro, babbar tukunyar shinkafa ta koma bayan ɗaki, akuyar da aka yanka kuwa ko ƙashinta kare bai rage ba. Abin da ya saura shi ne gida da masu gida, da sanyin hunturu, da takardar kuɗin makarantar yara da ke jira a kan tebur. Ma'aikata sukan yi ba'a su ce watan Janairu kwanansa 60 ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Wanda aka biya shi albashin Disamba tun wajen 20 ga wata domin hidimar Kirsimeti, in har sai ƙarshen Janairu zai ga wani, to mako 6 ke nan cur zai yi da albashi guda, wanda kuma tela da mahauci da direban mota sun riga sun raba shi tsakaninsu.

Aikin katikis aikin shiga gidaje ne, saboda haka ina ganin abin da wannan wata yake yi wa mutanenmu. Mutumin da na gani daren 31 ga Disamba yana rawa a majami'a har gumi ya jiƙa masa riga cikin wannan sanyi, in na je gidansa ranar 10 ga Janairu sai in tarar ya haɗe rai, yaro ya zo wucewa ya daka masa tsawa, uwargida ta yi magana ya ce ta dame shi. In na tambaye shi ko lafiya, sai ya ce, "Malam, shekarar nan ma da alama irin ta bara ce." Kwana 10 kacal aka yi, amma har ya yanke wa sauran 355 hukunci. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. A ganina rashin kuɗi ba shi kaɗai ne ciwon ba. Mun saba wa kanmu da jiran manyan abubuwa, har mun raina ranar da ba a yi komai a cikinta ba sai tashi da aiki da cin tuwo da kwanciya, alhali kuwa irin wannan rana ita ce kusan dukan rayuwar ɗan Adam.

Mu yi lissafi mana. In ka haɗa Kirsimeti da Ista da ranar sabuwar shekara da dukan ranakun hutun da gwamnatin tarayya takan bayar, har da na Sallah, ba za su kai kwana 20 ba. Ka ƙara da bukukuwan aure da na suna da za ka halarta, da wuya a kai 40. Sauran kwana 300 da ɗoriya fa? Su ne Litinin da Talata da Laraba da ba wanda yake ɗinka masu sabuwar riga. Wanda bai koyi jin daɗin waɗannan ba, to ya yarda ke nan ya yi yawancin ransa cikin jira da ƙunci.

Kada a ce ina sukar sujadar tsakar dare ta shiga sabuwar shekara. Al'ada ce mai kyau, kuma tsohuwa ce. Tun ƙarni na 18 'yan ikkilisiyar Morabiya a ƙasar Jamus suke yin ta, John Wesley kuma ya yaɗa ta cikin mabiyansa a Ingila. Manufarta ita ce mutum ya zauna ya binciki zuciyarsa, ya tuba, ya yi godiya, ya sabunta alkawarinsa da Allah. Yau kuwa da yawa cikinmu da jerin buƙatu muke zuwa: mota, fili, ƙarin girma a ofis, takardar fita waje. Roƙo ba laifi ba ne, ɗa ba ya jin kunyar roƙon ubansa. Inda matsalar take shi ne a sa wa mutum rai cewa da agogo ya buga 12 komai nasa zai juye, ya wayi gari ya ga kwanon rufin ɗakinsa yana nan da hudarsa, sai ya ɗauka Allah ya tsallake gidansa.

Ai ita kanta ranar 1 ga Janairu mutane ne suka yarda a tsakaninsu su fara ƙirga daga kanta. A Ingila, 25 ga Maris ne farkon shekara a hukumance, sai a 1752 aka mai da shi 1 ga Janairu. 'Yan'uwanmu Kirista na ƙasar Habasha a watan Satumba suke shiga tasu sabuwar shekarar. Maƙwabtanmu Musulmi da watan Muharram suke farawa. Kakanninmu manoma kuwa da damina suke ƙirga, shi ya sa tsoho yakan ce ya ga damina kaza a duniya. Rana ɗaya ce take fitowa a kan kowa, ranar 2 ga Janairu kuma daga gabas take fitowa kamar yadda ta saba.

Abin sha'awa ma shi ne abin da ikkilisiya tun dā take tunawa da shi a wannan rana. In ka ƙirga daga 25 ga Disamba, 1 ga Janairu ita ce rana ta 8, wato ranar da aka yi wa jariri Yesu kaciya aka raɗa masa suna, kamar yadda Luka ya ba da labari a sura ta 2. Sha'anin cikin gida ke nan, irin wanda kowane iyali ya sani. Da aka kai shi Haikali bayan kwana 40, tsuntsaye biyu iyayensa suka miƙa, hadayar da Shari'ar Musa ta yardar wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Daga nan kuma sai zaman Nazarat har ya kai wajen shekara 30, cikin gidan massassaƙi, ana ɗebo ruwa, ana hura wuta, ana share tsakar gida. Hidimarsa a fili wajen shekara 3 ce kawai. In Ubangijinmu bai raina waɗannan shekaru na zaman gida da aikin hannu ba, ni wane ne da zan raina Talatata?

To, mene ne a cikin watan nan da ya isa a yi murna da shi? Bari in faɗi abin da idona yake gani a unguwarmu, kowa ya duba tasa.

Da asuba, kafin rana ta huda hazo, za ka ga an hura karan dawa a tsakar gida, yara sun kewaye wutar suna miƙa hannu, kowa ya duƙunƙune cikin zanen uwarsa. A wajen jin ɗumin nan ne ake hirar da ba a samun yi sauran watanni. Da zafi ya shigo a watan Maris kowa zai watse neman inuwa. A bakin titi mai ƙosai ta riga ta ɗora kasko, ga koko yana tururi. Wanda ya taɓa riƙe kofin koko mai zafi da hannu biyu cikin sanyin Jos ko na Zariya ya san akwai daɗin da kuɗi kaɗan ke saye. A gidajen da ake dama kunun gyaɗa ko na tsamiya, ko a yi gwaten acca da yakuwa, ba sai an kira yaro sau biyu ba.

Ka shiga kasuwa kuma ka gani. Yanzu ne kayan lambu na 'yan noman rani suke shigowa daga fadamu: tumatir da tattasai da albasa da karas da kabeji da latas. Tumatirin da uwargida za ta riƙa ƙirgawa ɗaya-ɗaya a watan Yuni, yanzu a kwano ake auna mata shi. Ga rake an jingina shi dami-dami, ga lemon Binuwai an tsiba, ga dankali da sabuwar gyaɗa, ga magarya da goruba na yara. Hatsi yana rumbu, bai daɗe da shigowa daga gona ba. Wato watan da aljihu ya fi bushewa shi ne kuma watan da ƙasa ta fi yi mana sauƙin miya. Ni ina ganin wannan jinƙai ne, ko da ba mu saba kiransa da wannan suna ba.

Akwai kuma sabuwar kalanda. Maigida ya rataya ta a bango, yara kuma su yi rububin tsohuwar domin su naɗe littattafansu na sabon zango da ita, farin bayan a waje, a rubuta suna da aji da babban baƙi. Akwai man kaɗanya da uwa take shafa wa yaro a leɓe da diddige saboda faso, yana zillewa tana riƙo. Akwai wankin da ka shanya da hantsi ka kwashe kafin azahar. Akwai dare marar sauro sosai, da barcin da bargo ke ƙara wa nauyi. Ka ɗaga kai ka dubi mangwaron ƙofar gida: ya cika da fure cikin wannan ƙura, yana shirya abin da za a sha watanni kaɗan masu zuwa. Gawo kuwa, da ya tsaya tsirara duk damina, yanzu ne yake kore shar sa'ad da sauran itatuwa suke zubar da ganye.

Kada mu manta da kwanukan da suka tsallaka katanga. A garuruwa da yawa na Arewa har yanzu ana aika wa maƙwabci Musulmi shinkafa da cincin ranar Kirsimeti, shi kuma ya aiko da nama ranar Babbar Sallah. Cikin makon farko na Janairu ne kwanukan suke dawowa, sau da yawa da ɗan wani abu a ciki, don ba a mai da kwano haka nan. Mun ga rikice-rikice a ƙasar nan, mun binne mutane, mun san garuruwan da unguwanni suka rabu. Saboda haka duk inda yarinya take iya ɗaukar kwano ta shiga gidan maƙwabci ta fito da dariya, kada kowa ya ce ƙaramin abu ne. Haka nan wanda ya taɓa zuwa Kagoro ranar 1 ga Janairu domin bikin Afan, ya ga maharba da makaɗa da jama'a daga ko'ina sun cika gari a gindin dutse, ya san cewa taruwa lafiya a watse lafiya ita ma baiwa ce.

Ni kaina ban koyi wannan darasi a makarantar Littafi Mai Tsarki ba. A ƙauyenmu na koye shi, kuma ba da son raina ba. Masu karatu za su tuna cewa ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Na je gida Kirsimeti da kuɗin mota na komawa daidai wa daida. Da na je tasha aka faɗa mani sabon kuɗin mota, sai na juyo gida da jakata. Kafin in haɗa cikon, ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, hanyoyi suka tsaya. Na yi ta huci ina zagaye gida kamar an ɗaure ni, ina ganin abokaina suna birni shekara tana tafiya ta bar ni.

Kakata, mahaifiyar babana, tana kallona ba ta ce komai ba har kwana biyu. Ran na uku da asuba tana bakin wuta ta kira ni, da yake akwai wasa tsakaninmu, ta ce, "Maigida, zo ka zauna. Birnin nan da kake wa kuka, an ce maka zai gudu ne?" Na ce, "Kaka, ba ki gane ba, lokaci yana wucewa." Ta ce, "To, nan ma wucewa yake yi. Miƙo mani gyaɗar can." Muka zauna muna ɓarar gyaɗa. Kwanakin da suka biyo baya na taya babana jinkar ɗakinta, na raka ta coci ina riƙe mata kujera, ta nuna mani iyakar gonar kakanmu da itatuwan da aka shaida ta da su, ta faɗa mani sunayen mutanen gidanmu har waɗanda babana ma ya manta. Da aka janye yajin aiki aka mai da lita naira 97, na koma birni na tarar ba abin da ya gudu. Ita kuwa ba ta ga ƙarshen daminar wannan shekara ba. Ban ce ƙarin kuɗin mai alheri ba ne, mutane sun sha wuya ƙwarai, wasu ma sun rasa rayukansu a zanga-zangar. Abin da na ce shi ne, ina zaune a kan dami ina kukan yunwa, kuma da hanya a buɗe take da na tafi ban sani ba.

Na san wani zai ce, "Katikis, kana so ka lallashe mu da koko da furen mangwaro ne, alhali kaya sun yi tsada, ba aiki, ba tsaro?" Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa zan kauce mata ba. Mun tuna farkon 2023 da aka canza takardun naira, mutum da kuɗinsa a banki amma ya kwana a layi bai samu na cefane ba. Mun ga yadda farashin komai ya tashi bayan janye tallafin mai a watan Mayu na wannan shekarar. Akwai 'yan'uwanmu da suka shiga sabuwar shekara a sansanin gudun hijira, akwai manoman da ba su iya zuwa gona sun girbe abin da suka shuka ba. Wanda ya ce wa irin waɗannan su yi murmushi kawai, ya yi masu ba'a.

Amma a duba da kyau, me muke nema wurin masu mulki? Mu kwana da ido biyu a rufe. Mu je gona mu dawo. Yaro ya tafi makaranta ya tarar da malami a aji. A buɗe famfo ruwa ya zo. Albashi ya kai ƙarshen wata. Duk waɗannan ai su ne ƙananan abubuwan yau da kullum da nake magana a kansu. Mutumin da ya san darajarsu shi ne ya san abin da ake ƙwace masa, shi ne kuma zai tsaya ya tambayi kansila ina rijiyar burtsatsen da aka yi alkawari. Wanda ya raina su, idonsa yana kan babban rabo, shi ne ɗan siyasa yake saye da alkawari, mai damfara ya saye shi da ribar banza, mai annabcin ƙarya kuma ya karɓe ɗan abin da ya rage masa. Godiya ba ta hana neman hakki. Littafin Mai-Wa'azi, wanda ya yi magana a fili a kan zaluncin da ake yi wa matalauta, shi ne kuma ya koyar cewa ci da sha da jin daɗin aikin hannu kyauta ce daga Allah. Marubucin bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

Saboda haka ga 'yan shawarwari, ba masu tsada ba ne. Na farko, a ci abinci tare ko da sau ɗaya a rana, a ajiye waya a kashe rediyo, maigida ya tambayi kowane yaro abin da ya gani yau. Na biyu, wanda ya ci bashi domin Kirsimeti ya je da ƙafarsa wurin mai kuɗin ya faɗi ranar da zai biya, kada ya riƙa canza hanya. Rabin nauyin Janairu kunya ce da ɓuya. In an fita kuma, a fara adashi ko asusu tun yanzu domin Disamba mai zuwa, da yayyafi kogi kan cika. Na uku, manomi kada ya kwashe rumbu ya kai kasuwa saboda hidimar wata guda, ya tuna watan Yuli da Agusta suna tafe, lokacin da yakan sayi abin da ya sayar da tsada. Na huɗu, a ziyarci tsofaffi da gwauraye da marasa lafiya, domin sanyin nan ya fi cin su, kuma bayan hayaniyar biki kaɗaici yakan yi masu yawa. Tsohon bargo da kwanon kunu sun isa guzurin zuwa, zumunta a ƙafa take. 'Yan Zumuntar Mata sun daɗe suna wannan aiki, ya kamata mu maza mu ji kunya mu bi sahu. Na biyar, a yi hankali da wuta: kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farka ba, kuma a kashe wutar jin ɗumi sarai kafin a watse, gama iskar hunturu ba ta da wasa.

Daga ƙarshe, ina roƙon kowane mai karatu ya gwada wani abu na mako guda. Kowane dare kafin addu'ar kwanciya, kowa a gida, daga babba har ƙaramin da ya iya magana, ya faɗi abu ɗaya da ya ji daɗinsa a ranar. Mun gwada a gidana. Daren farko 'yata ƙarama ta ce ita dai ƙanzon shinkafa ne, muka yi dariya har uwarta ta share hawaye. Ni kuma da aka zo kaina na rasa abin faɗa, sai da na yi tunani, na ga ashe ba rashin abin ba ne, rashin lura ne. Zuwa dare na biyar sai da aka riƙa tsai da mu don a samu a kwanta.

Mai yiwuwa cikin shekarar nan wani ya sayi mota, wani ya yi aure, wani ya sami aikin da ya daɗe yana nema, muna kuwa taya su addu'a. Da yawanmu kuma za mu kai Disamba a gidan da muke, da aikin da muke, da keken da muke hawa. Kada wanda ya sami kansa haka ya ce shekararsa ta lalace. Allah ya ba mu abincin yini, da lafiyar cinsa, da waɗanda za mu ci tare da su. Ya ta'azantar da masu makoki, ya mai da waɗanda aka kora gidajensu, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.